Hasan na Ƙonni, Husaini na Ina?

Tun da hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, aka zaunar da kantomomi a kujerun magadan gari, wata tsohuwar gardama ta farfaɗo a fadojin shayi na Birnin Ƙonni. Ni kaina na tarar da ita wata la'asar, tsakanin wani mushe, wato malamin makaranta, da ya daɗe da ajiye alli da wani saurayi ɗan kabu-kabu.

Mushen ya ce, "Ku yaran yanzu ba ku san zafin komi ba. Azuzuwan ga da ƙannenku ka karatu ciki, da rijiyoyin ga, ba ƙawance da garuruwan Turai ya kawo wasunsu ba? To an watse, sai mu gani."

Saurayin ya ajiye kofi ya ce, "Baba, a gafarce ni. Ƙawar da kullum ita ka ba ka, kai ko goro ba ka taɓa kai mata ba, wagga ƙawa ta ko uwar ɗaki?"

Aka yi dariya, aka zuba shayi na biyu, magana ta koma kan tsadar fetur. Amma tambayar yaron ta biyo ni har gida. Abin da suke gardama a kai shi ne wanda Faransawa ke kira jumelage, kalmar da suka ciro daga sunan tagwaye a harshensu, Amurkawa kuma suna cewa birane 'yan'uwa mata. Gari biyu na ƙasashe daban ne ke ƙulla yarjejeniya: za mu riƙa ziyartar juna, 'ya'yanmu su san 'ya'yanku, a kawo kiɗanku da abincinku a nuna wa mutanenmu, mu ma mu kai namu. Kowane Bahaushe ya san dokar tagwaye. Rigar da aka ɗinka wa Hasan ita ake ɗinka wa Husaini, in an saɓa kuwa tsofaffi su ce za a ga fushinsu. To yaya aka yi tagwaitakar da ta iso ƙasarmu ta zo da riga ɗaya tak?

Masu son tsawaita tarihi sukan kai abin har shekara ta 836, lokacin da aka ɗauki ƙasusuwan wani waliyyin Kirista mai suna Liborius daga garin Le Mans na Faransa zuwa Paderborn na Jamus, limaman garuruwan biyu suka yi alkawarin zumunci. Labari ne mai daɗi, amma in haka ne mu ma muna da namu, kuma ba sai mun je aro ba. Zuriyar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ta riƙe cewa kakansu Musa Jakollo daga Futa Toro ya taso ya sauka Ƙonni. Sarautar Adar da ke Illela a yau daga gidan Sarkin Agadas ta fito, ta hannun Agabba, a ƙarni na 17, kamar yadda Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigi. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja kowannensu yana da mai masauki a kowane zango. Duk wannan hulɗa ce tsakanin gari da gari, sai dai ba ita ce ta haifi takardar da magajin gari ke sa wa hannu a gaban 'yan jarida ba. Mu bar wannan zamani haka nan.

Takardar 'yar yaƙi ce. A watan Nuwamban 1940 jiragen Jamus suka yi wa garin Coventry na Ingila ruwan bama-bamai. Da mutanen garin suka ji irin abin da ya sami Stalingrad a Rasha, mata 830 suka ɗinka sunayensu a jikin wani mayafin tebur suka aika da shi tare da ɗan abin da suka tara, kuma a 1944 garuruwan biyu suka zama tagwaye. A 1950 magajin garin Montbéliard, Lucien Tharradin, mutumin da Jamusawa suka tsare a sansanin Buchenwald, ya miƙa hannu ga garin Ludwigsburg na Jamus. Bayan yarjejeniyar da Janar de Gaulle da Adenauer suka sa wa hannu a Janairun 1963 abin ya yaɗu kamar wutar daji, har yau akwai irin wannan ƙawance fiye da 2,000 tsakanin ƙasashen biyu. A can Amurka kuma shugaba Eisenhower ne ya kira taro a fadarsa a watan Satumban 1956 ya ɗora harsashin nasu tsarin.

A lura da abu guda a nan, don shi ne ginshiƙin maganata. Waɗannan garuruwa duk sun sha wuya iri ɗaya, kuma arzikinsu ba ya da nisa da juna. Ɗan makarantar Montbéliard ya je ya kwana a ɗakin ɗan makarantar Ludwigsburg, ya ci abin da aka dafa, badi shi ma ya karɓi baƙo a ɗakinsa. Ƙungiyar mawaƙa ta je, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta zo. Irin bikin matanmu ke nan: ƙawarki ta kawo miki jika ɗaya ranar suna, ranar nata ki mayar da biyu, ita ma ta ninka in naki ya sake zagayowa. Babu mai bin wani bashin godiya, domin bashin kullum yawo yake yi tsakanin gida biyu.

Zuwansa Afirka ta wata ƙofa ne. A 1957 aka kafa ƙungiyar tagwayen birane ta duniya a Aix-les-Bains, bisa jagorancin Jean-Marie Bressand. Ita ce ta yi ƙarfin halin haɗa garuruwan Faransa da na ƙasashen kwaminis a tsakiyar yaƙin cacar baka, abin da ya sa aka daɗe ana yi mata kallon hadarin kaji, kuma ita ce ta juyo kudu bayan samun 'yancin kai. A 1967 ƙaramin garin Loudun ya ƙulla da Wagadugu. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai yaba tagwaitakar birane a matsayin hanyar haɗin kai tsakanin al'ummomi. Har zuwa nan dai maganar sanin juna ake yi.

Sai fari ya zo.

Wanda bai kai shekara hamsin ba sai dai ya ji a bakin iyaye. Daga 1968 damina ta riƙa gazawa, zuwa 1973 dabbobi suka faɗi a arewacin Tawa kamar an yi musu yayyafin guba, makiyaya suka gangaro kudu suka yi sansani a bakin garuruwa. Rabon tsabar agaji ya zama abin kunya, yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Shekara goma bayan nan, a 1984, fari ya dawo da ƙarfinsa. A waɗannan shekaru ne talabijin ya shigar da hoton Sahel cikin ɗakunan Turawa: mushen saniya a kan rairayi, yaro da kwano. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan coci da 'yan ƙwadago na ƙananan garuruwan Faransa suka tashi tara kuɗi, da kwalayen magani da buhunan tufafi. Da suka nemi sunan da za su raɗa wa wannan aiki, sai suka tarar da tsohuwar kalmar tagwaitaka a ajiye, suka ɗauka suka liƙa mata kalmar taimako a wutsiya.

A duba lokacin da ƙawancen Nijar ya fara tsiro. A ƙarshen shekarun 1980 ne Juvisy-sur-Orge ta ƙulla da Tillaberi, gundumar Côtes-d'Armor kuma da yankin Agadas. Athis-Mons ta bi da Filinge, Conflans-Sainte-Honorine da Tasawa a shekarun 1990, Orsay da Dogon Dutsi, Val-de-Marne da Damagaram. Duk bayan fari ne. Ra'ayina, wanda na daɗe ina karewa a gaban abokai, shi ne yunwa ce ungozomar wannan ƙawance, kuma halin da aka haife shi da shi bai taɓa barinsa ba. Baƙon da ya fara ganinka ranar da kake riƙe da kwano, ko ka yi arziki daga baya, kwanon yake tunawa. Mu ma, in za a faɗi gaskiya, mun saba da miƙa shi.

Akwai masu wata fassarar, kuma a 'yan shekarun nan muryarsu ta fi tashi. Suna cewa duk abin dabarar gwamnatin Faransa ce, mulkin mallaka ne ya sake riga ya shigo ta ƙofar magajin gari. Ban yarda ba, ko da yake na san abin da ya sa maganar ke shiga kunne. In da dabarar gwamnati ce, da ba a bar garuruwan suna aiki shekara da shekaru babu cikakkiyar doka a bayansu ba. Sai ranar 6 ga Fabrairun 1992 majalisar Faransa ta amince a fili cewa gari ko jiha na iya ƙulla yarjejeniya da takwararta ta waje. Sai a 2005 aka yi dokar Oudin-Santini, wadda ta ba garuruwa damar ware har kashi 1 cikin 100 na kuɗin da suke samu a harkar ruwa don aikin ruwa a ƙasashen waje, abin da ya sa rijiya da famfo suka zama tambarin wannan ƙawance. Gwamnati daga baya ta biyo sawu. Amma zan ba masu wannan ra'ayi abu guda: da ta biyo, ta zo da jakar kuɗi, ma'aikatar harkokin wajensu ta riƙa cika wa garuruwa abin da suka tara, kuma mai riƙe da bakin jaka shi ke ɗaurewa ranar da ya ga dama. Mun gani a 2023.

Wasu kuma, masu kyakkyawan zato, sukan ce neman gafara ne a fakaice. Wannan ita ce fassarar da ta fi ba ni haushi, domin a Ƙonni ake faɗinta. A watan Mayun 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine, bayan ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta auka wa Birnin Ƙonni, ta ƙone gari, ta kashe mutanen da masana tarihi ke ƙirgawa da dubbai, aka tura gawarwaki cikin ramuka. A watan Yuli sojojinsu da kansu suka harbe su a ƙasar Tasawa, bayan Voulet ya sa an kashe Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da shi. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya sake tayar da maganar, jikokin waɗanda aka kashe suka yi magana da bakinsu. Har yau gwamnatin Faransa ba ta nemi gafara ba. Mai neman gafara sunan laifinsa yake fara faɗa, ba ya aiko da allon makaranta ya yi shiru.

Fassara ta uku ta fi sauran nauyi, ita ce ta masu cewa sauke mulki zuwa ƙananan hukumomi ya kawo abin. Lallai ita ce ta bayyana dalilin da ya sa namu yankin ya makara. Ba a tagwaita da wanda babu shi. Kafin zaɓen 24 ga Yulin 2004, wanda ya samar da zaɓaɓɓun majalisu a ƙananan hukumomi 265, galibin ƙasar karkara ba ta da magajin garin da zai sa hannu a komai, sai wakilin gwamnati da sarki. Bayan wannan zaɓe da 'yan shekaru ne jihar Pikardi ta arewacin Faransa, wadda dama tana da irin wannan hulɗa a Benin da Madagaska, ta ƙulla da ƙananan hukumomi 12 na nan: Ƙonni, Allela, Bazaga da Tsarnawa, sai Malbaza da Dogarawa, waɗanda su biyu suka zama gunduma mai zaman kanta a 2011, sai Madawa, Azarori, Bangi, Galma, Urno da Sabon Gida. Gundumar Illela ba ta cikin lissafin. Sha biyun nan suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna APIMAK, aka horar da kansiloli, aka yi gine-gine, aka yi aikin farfaɗo da fako.

Ba na raina wannan aiki. Kansilan da aka zaɓa a 2004, da yawansu ba su taɓa ganin kasafin kuɗi a rubuce ba, kuma zaunar da magadan gari goma sha biyu a tabarma ɗaya su yi shawara kan hanya da kasuwa da burtali ba ƙaramin abu ba ne. Mushen fada yana da gaskiyarsa. Sai dai a tambayi mai sayar da albasa a bakin titin Galmi, ko mai tallan fura a tashar Tsarnawa, me ake nomawa a Pikardi, wane irin kiɗa suke yi, yaya suke binne mamacinsu. Sunan da talaka ya ba abin shi ne furoje, wato aikin raya ƙasa na masu ba da agaji, kuma bai yi kuskure ba. Zaɓen 2004 ya buɗe ƙofa ne kawai, abin da ya shigo ta cikinta tsohon ɗan fari ne da ya girma ya sa kwat, ya koyi rubuta rahoto.

Abin takaicin shi ne akwai abin da za a faɗa wa juna, mai yawa. Pikardi ƙasar manoma ce, alkama da dankali da gwozar sukari. A tsakiyar Amiens, babban birninta, akwai lambuna na gargajiya da magudanan ruwa suka ratsa, masu su da kwalekwale suke shiga. Ka kawo irin wannan manomi ka zaunar da shi da mai lambun albasa na Galmi, wanda irinsa ya yi suna a duk Afirka ta Yamma, ko da manomin fadamar Ƙonni da ke jiran ruwan madatsun Mozage da Zango, ai ko babu tafinta za su fahimci juna, don kukan duk mai lambu ɗaya ne: ruwa, ƙwari, da dillali. Sannan a ƙasar Pikardi ɗin nan ne, a tudun Chemin des Dames, sojojin Afirka ta Yamma suka zube da dubbai a watan Afrilun 1917 suna yi wa Faransa yaƙi cikin sanyin da ba su taɓa gani ba, kuma a garin Airaines ne Jamusawa suka harbe Kyaftin N'Tchoréré, ɗan Gabon, a Yunin 1940 bayan ya miƙa wuya. Ƙasa mai kaburburan baƙar fata, da gari mai ramukan 1899. In da tagwaitaka irin ta Coventry ake so, ga inda za a fara.

Na san yadda bikin tarbar baƙi yake, don an taɓa jera ni a cikinsa. Ina aji huɗu a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba, aka ce Turawan ƙawance za su zo. Tun hantsi aka fito da mu bakin hanya, kowa da 'yar tutar takarda, har azahar ta gota. Da motoci suka iso aka buga kalangu, 'yan mata suka yi rawa, aka haɗa kokowa biyu ta nuni wadda kowa ya san wanda zai faɗi. Aka naɗa wa shugaban baƙin rawani, aka ba shi takobi da takalman fata, wata mata a cikinsu ta kurɓi fura da ludayi aka yi ta tafi. Kafin la'asar sun tafi. Suka bar mana kwalin littattafai masu hoton dusar ƙanƙara. Mun nuna musu duk abin da muke da shi, har da wanda muka ara daga ƙauyen gaba, amma ba wanda ya tsaya ya gaya mana sunan garinsu, ko ya rera mana waƙa ɗaya ta yaransu. Su sun koma da hotunanmu, sun yi makon Nijar a ɗakin taron garinsu, an sayar da kayan fata an tara kuɗin rijiya. Can an san mu, ko da a karkace ne. Nan ba mu san su ba.

In kuwa aka ce a rama ziyara, sai ka ga wa ke tafiya: magajin gari, sakatarensa, wani lokaci da babban ma'aikaci ɗaya. Makaɗi da ɗan kokowa da ɗan makaranta su ne ba sa cika sharaɗin biza, don ba su da albashi ko takardar banki da za ta tabbatar za su dawo. Matan Hausa suna da suna ga irin wannan zumunci, wanda babba ke ɗaukar ƙarama tana yi mata ɗawainiya ita kuma tana yi mata aike: yaya da ƙanwar rana. Zumunci ne na gaske, akwai ƙauna a ciki, amma ba wanda ya taɓa kiransu tagwaye.

Kada a ɗauka mutanen wannan yanki jiran biki suke kafin su san duniya. Ba'adare ɗan ci-rani ne tun kaka da kakanni. Abijan, Kumasi, Akara, Legas, Duwala, Libiya, babu inda ba ka samun ɗan Illela ko Badagishiri ko Tajaye da teburinsa ko buhunsa a kafaɗa. Sun dawo da aceke da kalmomin Jula da na Yarbanci, da salon gini, wasu da mata. Wannan ita ce babbar makarantar sanin al'adun waje da muke da ita, ba ta da ofis ba ta da tambari. Turawan da mutanenmu suka sani da gaske kuma su ne waɗanda suka zauna suka koyi Hausa: ma'aikatan asibitin mishan na Galmi da ke nan tun 1950, da matasan Amurka 'yan Peace Corps da suka fara zuwa Nijar a 1962, waɗanda ake raɗa wa sunayen Hausa a ƙauyuka.

Rushewar ta zo daki-daki. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, a Janairun 2011 aka ɗauke wasu samari biyu Faransawa a tsakiyar Yamai suka rasa rayukansu. Peace Corps ta kwashe mutanenta a watan nan, taswirar Nijar ta riƙa rinewa da ja a ma'aikatar harkokin wajen Faransa, baƙi suka daina zuwa, ƙawance ya koma waya da takarda. Ranar 1 ga Janairun 2016 ita kanta Pikardi ta daina zama jiha, aka haɗe ta da maƙwabciyarta ta arewa aka samar da Hauts-de-France, hedikwata ta koma Lille. Husaini ya narke a cikin wani gida. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023: cikin kwana uku Faransa ta dakatar da taimakonta, a watan Satumba aka aika wa gidajen wasanninta umarnin tsayar da hulɗa da masu fasaha na Nijar da Mali da Burkina Faso, har sai da 'yan wasan Faransa da kansu suka yi ca kafin gwamnati ta sassauta harshe. Sojojinta suka fice a Disamba, ofishin jakadancinta ya rufe a Janairun 2024. Da aka rushe majalisu a Afrilu, Hasan ɗin ma babu shi a takarda. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba, Coventry ma ta jingine nata ƙawancen da Volgograd, tsohuwar Stalingrad, a 2022 saboda yaƙin Yukiren. Bambancin shi ne su sun yi kusan shekara tamanin suna shiga gidan juna kafin a rufe ƙofa.

Yanzu bari in koma kan abin da ke gaban idonmu, wanda saboda kusancinsa ba ma ganinsa. Illela biyu ce. Akwai ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, gundumar da aka haifi tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou a ƙauyen Dandaji. Akwai kuma ta jihar Sakkwato, 'yan kilomitoci kaɗan kudu da Ƙonni. Layin da ya raba Ƙonni da wannan Illela ta biyu a teburin Turai aka ja shi. A yarjejeniyar 14 ga Yunin 1898 an zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne, wato ranar da Voulet ya ƙone Ƙonni, a takarda ƙasar Ingila ya ƙone. Faransawa suka yi ta kukan cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram babu rijiyoyi. A 1904 aka daidaita: Faransa ta saki haƙƙinta na musamman na kamun kifi a gaɓar Newfoundland, can kusa da Kanada, aka biya ta da wasu yankuna, ciki har da matsar da wannan iyaka kudu. Aka ƙara gyarawa a 1906, tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa duwatsu. Da kifin tekun da ba mu taɓa gani ba aka saye mu, shi ya sa ɗan Ƙonni ke zuwa lakwal, makarantar Faransanci, ɗan Illela ke zuwa boko.

Duk da haka layin bai yanke komai ba. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu a 1754, kabarinsa yana Sakkwato, masu ziyara daga nan ba su taɓa fasawa ba. Naira tana ci a kasuwar Ƙonni kamar sefa, 'yan canji na zaune da damman biyu. Marasa lafiya daga Najeriya suna zuwa Galmi, ɗalibanmu suna jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ranar arwa, wato duban shekara na gargajiya, a Masallata ana zuwa daga ɓangarorin biyu a ji abin da shekara za ta yi. Gasar takobin kokowa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ana sauraronta a Gwadabawa da Gada kamar yadda muke kallon finafinan Kano. Muna da ma tsarin da ya riga na Turai hikima, wasan taubasai, Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, wanda UNESCO ta sa a kundinta da sunan Nijar a 2014: yarjejeniya ce tsakanin al'umma biyu cewa za a yi zagi a yi dariya, ba za a zub da jini ba.

Ga kuma hujjata ta ƙarshe a kan maganar fari. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 1986. Shekarar da damina ta ƙi, ita ce shekarar da aka toshe hanyar da hatsi ke shigowa da hanyar da 'yan ci-rani ke fita, har talakawan Nijar suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari. Wato a daidai lokacin da aka rufe mana ƙofar ɗan'uwa na jini ne muka juya muka karɓi hannun na nesa. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka kuma rufewa a Agustan 2023 har Maris na 2024, da yanke wutar lantarki a kai. Kowane karo manyan motoci sun yi layi, albasa ta ruɓe, amma biki da suna da jana'iza ba su tsaya ba, ta cikin gonaki aka riƙa bi. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan a Yamai tun 1971, ta manya ce da manyan takardu. Zumuntar da ke a ƙafa ita ce ba ta taɓa samun wanda ya ɗauke ta da daraja ba.

Ina jin ana cewa yanzu sai a nemi sababbin tagwaye a Turkiyya ko Rasha ko Sin. Ba ni da ja, duniya faɗi gare ta. Su ma tsofaffin abokai na ƙananan garuruwan Faransa, waɗanda da yawansu da zuciya ɗaya suka yi, ban ga dalilin zaginsu ba. Amma in da kwanon nan za mu sake fita, sunan baƙon kawai zai canja.

Kirana ga kantoman Ƙonni da shugaban ƙaramar hukumar Illela ta Sakkwato, da sarakunan ɓangarorin biyu, shi ne a fara daga nan. A ware mako ɗaya a shekara, bayan girbi. 'Yan lakwal ashirin su je su kwana a gidajen 'yan boko ashirin, su zauna a ajinsu su ji yadda ake koyar da tarihin Shehu da Ingilishi, badi su ma su karɓi baƙi. Tun da kundin da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, malamanmu na da abin ɗauka a wajen waɗanda suka daɗe suna koyar da ita har jami'a. Malbaza da Illelar Adar kuma su dubi Kumasi da Abijan, inda 'ya'yansu suka riga suka share wuri, a gayyato makaɗansu da masu girkinsu, mu ma mu ciyar da baƙo daga rumbunmu. Na farkon dai ba ya bukatar jirgi ko tafinta, kuɗin kabu-kabu ne. Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, ta Ƙonni ranar Laraba, sai a zaɓi ranar da za a zauna.